Zombi: gawar da ke tafiya a finafinai, daga ina ta fito kuma wa ake nufi da ita?

Yau za mu taɓo wata kalma da ta shiga bakin yaranmu ba tare da ta yi sallama ba, wato zombi. Duk wanda ya ratsa Kirkissoye bayan isha'i zai ga samari a fada, shayi na kan wuta, kawuna huɗu ko biyar sun haɗu a kan waya ɗaya, ana kallon wasu mutane masu ruɓaɓɓiyar fuska suna jan ƙafa suna bin jama'a da cizo. Washegari ƙananan yara su ɗauki abin su mayar da shi wasa a layi, hannuwa a miƙe, ido a juye. Iyaye da dama sun aiko mana da tambaya iri ɗaya: shin wannan abu akwai shi, ko ƙaryar fim ce kawai? Amsar tana da ɗan tsawo, don labarin ya fara ne daga nan nahiyarmu, ya ƙetare teku cikin jirgin bayi, sannan ya dawo mana cikin waya da wata kama ta daban.

Masana harshe sun fi karkata ga cewa kalmar ta samo tushe daga harsunan yankin Kwango da Angola, inda ake da nzambi da zumbi, kalmomin da suka shafi abin bauta ko ruhin mamaci. Amma ƙasar da zombi ya zama abin da aka san shi da shi ita ce Haiti, wani yanki na tsibiri a tekun Karebiya wanda Faransa ta mallaka da sunan Saint-Domingue. Wajen shekarar 1789 akwai bayi kusan rabin miliyan a can, suna noman rake da kofi, kuma wahalar ta kai inda mutane ke mutuwa da sauri har sai an yi ta kawo sababbi daga Afirka don cike gurbi. A cikin takardun ƙidayar bayi na gonakin an samu waɗanda aka rubuta wa Aoussa, wato Hausawa, ko da yake ba su kai yawan ƴan Kwango ko ƴan Dahome ba. Kun ga ke nan da jininmu a cikin labarin.

To, bawa a wancan wuri abu ɗaya ya rage masa da ubangidansa ba zai iya ƙwacewa ba: mutuwa. Sun yi imani cewa in mutum ya mutu ruhinsa na komawa Ginen, sunan da suke kiran Afirka da shi, ya huta a wurin kakanni. Zombi shi ne wanda aka hana wa ko wannan hutun. A yadda mutanen Haiti ke ba da labarin, wani boka da suke kira bokor ne ke tono mutum bayan an binne shi, ya riƙe wani sashe na ruhinsa a cikin kwalba ko tulu, ya tura gangar jikin gona. Ba ya magana sai ta hanci, ba ya tuna sunansa, ba ya gardama, ba a biyansa. Kuma ba a sa masa gishiri a abinci, don an ce ranar da ya ɗanɗana gishiri hankalinsa zai dawo ya gane abin da aka yi masa. Ku lura da kyau a nan: mutumin Haiti ba ya tsoron zombi ya cije shi. Tsoronsa shi ne a mayar da shi zombi. Abin tausayi ne a wurinsu, mugun kuwa shi ne mai riƙe da kwalbar.

In muka duba namu na gida, ba mu da abin da ya yi daidai da wannan sak. Fatalwa ruhi ce ba jiki, tana firgita mutum ta ɓace. Dodo na tatsuniya ne da bakin rijiya. Wanda ya fi kusa shi ne zancen maita, inda ake cewa maye ya kama kurwar mutum ya ɓoye, mutumin ya yi ta ramewa yana nan kamar ba ya nan, har sai an sa mayen ya saki. Maƙwabtanmu Zabarmawa, waɗanda da su muke kwana muke tashi a nan Harobanda, suna da cerkaw mai satar biya, wato inuwar mutum, kuma fasalin labarin kusan ɗaya ne. A Kamaru kuwa abin ya fi kama da na Haiti: akwai abin da suke kira nyongo ko ekong, inda ake zargin wanda ya yi arziki farat ɗaya da cewa ya sayar da danginsa, sun mutu a idon jama'a amma suna can suna yi masa bauta a wasu gonaki na ɓoye a dutsen Kupe. Masu bincike sun lura cewa irin wannan zance ya fi ƙarfi a wuraren da aka sha cinikin bayi da aikin tilas na gonakin Turawa. Mu ma dattawanmu sun san aikin tilas, wanda sai a 1946 aka soke shi a ƙasashen da Faransa ta mallaka. Wanda aka taɓa kwashe masa ƴaƴa aka tafi da su aikin da ba lada, ba abin mamaki ba ne in tatsuniyarsa ta zama ta mutumin da ke aiki ba ya da kansa.

Yaya aka yi abin tausayi ya koma dodo? Bayin Haiti sun yi tawaye a 1791, suka kori Faransa, suka kafa ƙasarsu ranar 1 ga Janairun 1804. Manyan ƙasashen wancan zamani, masu cin moriyar bayi, ba su yafe musu ba. A 1825 Faransa ta ɗora musu biyan diyyar faran miliyan 150, wai don asarar gonaki da bayi. Wato wanda aka bautar shi ne ya biya. Daga baya sojojin Amurka suka mamaye ƙasar daga 1915 zuwa 1934, har suka dawo da aikin tilas wajen gina hanyoyi. A cikin waɗannan shekaru ne wani marubuci Ba'amurke, William Seabrook, ya fitar da littafinsa The Magic Island a 1929, inda ya ba da labarin matattu masu aiki a gonakin rake. Littafin ya samu kasuwa sosai, kuma ya zo wa masu mamaya daidai, don in ka nuna wa duniya cewa mutanen wuri matsafa ne masu tono gawa, ba wanda zai tambaye ka me sojanka ke yi a ƙasarsu.

A 1932 aka yi fim na farko, White Zombie, da ɗan wasa Bela Lugosi a matsayin boka mai injin matse rake. Baƙaƙen zombi suna cikin fim ɗin, suna juya injin dare da rana, har ɗaya ya faɗa ciki aka niƙe shi ba wanda ya ɗaga kai. Amma labarin bai damu da su ba. Tashin hankalin fim ɗin gaba ɗaya shi ne an mayar da wata Baturiya zombi, sunan fim ɗin ma abin da yake faɗa ke nan. Daga nan aka kafa wani ƙa'idar da ta daɗe: in an ji ganga a fim to mugun abu na tafe, in an ga baƙin mutum da farin alli a fuska to matsafi ne, addinin Vodu kuwa, wanda miliyoyin mutane ke bi a Haiti da Benin da Togo, aka taƙaita shi ga ƴar tsana da allura.

Zombin da yaranmu suka sani, mai cin naman mutane, an haife shi ne a 1968 a fim ɗin George Romero mai suna Night of the Living Dead. Abin dariya, Romero bai kira su zombi a fim ɗin ba, ghoul aka ce da su, kalmar da ta fito daga gul na Larabci, ƴan kallo da ƴan jarida ne suka laƙaba musu sunan. Babu boka, babu gona, babu Haiti. Jarumin fim ɗin baƙar fata ne, Duane Jones, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Ya kwana yana kare kansa, shi kaɗai ya tsira, gari na wayewa ƴan sintiri fararen fata suka hango shi ta taga suka harbe shi a ka, suka jefa gawarsa cikin wuta tare da sauran. Fim ɗin ya fito watanni kaɗan bayan kashe Martin Luther King, don haka baƙaƙen Amurka ba su buƙaci a fassara musu ba.

Abin da ya biyo baya kun fi mu saninsa. Aka mayar da sanadin abin ƙwayar cuta, aka koya wa zombi gudu a 28 Days Later na 2002, aka yi The Walking Dead daga 2010 har zango goma sha ɗaya, aka yi World War Z a 2013, Koriya ta Kudu ta yi Train to Busan a 2016. Sai dai darasin da irin waɗannan finafinai ke maimaitawa shi ne wanda ya fi damunmu: akwai wani taro mai yawa, marar suna, marar magana, yana tunkaro katanga, kuma kashe shi ba laifi ba ne, wajibi ne ma. Ƴan'uwanmu da ke Turai ko Aljeriya ko Libiya sun san yadda ake nuna bakin haure a labaran talabijin, daga sama, cunkus, ba fuska. Ba mu ce masu fim da gangan suke yi ba, amma idon da ya saba da hoton farko ba ya wahalar karɓar na biyu. A 2009 wasan kwamfuta na Resident Evil 5 ya jawo surutu saboda an nuna Bature da bindiga yana ratsa wani gari na Afirka yana harbin baƙaƙen da suka kamu. A 2014 kuma, lokacin Ebola, aka yi ta yaɗa labarin ƙarya a intanet cewa waɗanda cutar ta kashe a Laberiya suna tashi, har da hoton da aka gyara daga fim. Mutane na binne ƴaƴansu, wasu na can suna raha da su.

Mu ƴan Nijar mun taɓa ɗanɗana irin wannan da kanmu, kuma labarin ya cancanci a tsaya a kansa. Wajen 1925, a yankin Filinge, wasu sababbin iskoki suka bayyana a wurin masu bori na Kurfai da Zabarmawa, aka kira su Hauka. Wanda suka hau sai ya riƙa tafiyar soja, yana sara wa mutane, yana ba da oda da gurɓataccen Faransanci. Akwai Gomno, akwai Kafaran Gardi, akwai Lokotoro, akwai Kumandan Mugu. Wato mutanen da aka mulka da bulala sun ɗauki siffar masu bulalar sun sa a jikinsu. Hukumar mulkin mallaka ta gane da ita ake, ta kama su ta ɗaure. Da ƴan ci-rani suka tafi Gwalkwas, Gana ta yau, suka tafi da abinsu. A can ne Jean Rouch ya ɗauki bikinsu a bayan garin Akara a 1954, fim ɗin ya fito da sunan Les Maîtres fous.

Wanda ya ga fim ɗin ba ya mantawa: idanu a juye, kumfa a baki, ana sa wuta a jiki, an yanka kare an ci. A ƙarshe Rouch ya nuna mutanen nan washegari, kowa a bakin aikinsa, masu haƙa rami da masu dako da ƴan kasuwa, suna murmushi lafiya lau. Nufinsa a gane cewa haukan na mulkin mallaka ne. Amma da aka haska shi a Paris, ɗaliban Afirka da ke wurin suka fusata, suka ce Bature ba zai ga wannan wayon ba, kumfar kawai zai gani ya ce ga shi nan, dama mun faɗa. Malaminsa Marcel Griaule ma ya nemi a lalata fim ɗin, Ingila kuma ta hana nuna shi a ƙasashen da take mulka don an kwaikwayi gwamnanta. Bayan wasu shekaru Sembène Ousmane na Senegal ya faɗa wa Rouch ido da ido cewa irinsu suna kallon ƴan Afirka kamar ƙwari. Rouch ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairun 2004, a nan Yamai aka binne shi, kuma ba mai musun cewa ta hannunsa Oumarou Ganda ya shiga harkar fim. A ganinmu duka ɓangarorin biyu suna da gaskiyarsu, amma ta ɗaliban ce ta fi tabbata. Ku duba yadda ake yanko minti ɗaya na wasan bori ko na holle a saka a TikTok yau, ku karanta abin da baƙi ke rubutawa a ƙasa.

Mu koma kan tambayar iyaye: akwai shi da gaske? Gawar da ta ruɓe ta tashi tana cizo, babu. Ba a taɓa samu ba ko sau ɗaya, kwalliya ce da roba da aikin kwamfuta. Na Haiti kuwa yana da ɗan bayani. Dokar laifuka ta ƙasar tun ƙarni na 19 ta tanadi hukunci ga wanda ya ba mutum abin da zai sa shi doguwar suma har a binne shi, alamar cewa hukuma ta ɗauki zancen da muhimmanci. Labarin da ya fi shahara shi ne na Clairvius Narcisse, wanda asibitin Albert Schweitzer da ke Deschapelles ya tabbatar da mutuwarsa a 1962, aka binne shi, sai ga wani mutum a 1980 ya tare ƴar'uwarsa a kasuwa ya ce shi ne, ya ce an tono shi an kai shi gonar rake. Wani mai bincike ɗan Kanada, Wade Davis, ya bi sawu, ya ce sirrin yana cikin wata hoda mai ɗauke da dafin kifin nan mai kumbura, dangin talibamban da masuntanmu ke kamawa a kogin Isa, sannan a riƙa ba mutum zaƙami don kada hankalinsa ya dawo. Zaƙami dai mun san shi, ba banza ake ce masa haukata-yaro ba, a Haiti ma kokwambar zombi suke kiransa. Littafin Davis ya fito a 1985, aka yi fim da shi a 1988, amma masana guba da suka auna hodar sun ce dafin da ke ciki bai kai ya yi wannan aiki ba. Har yau maganar ba ta tabbata ba.

Binciken da ya fi ba mu abin riƙewa shi ne wanda mujallar likitoci ta The Lancet ta buga a 1997. Roland Littlewood da Chavannes Douyon sun duba mutum uku da danginsu suka rantse cewa matattunsu ne suka dawo a zombi. Aka samu ɗaya na da ciwon taɓin hankali mai sa mutum ya sandare ya daina magana, ɗaya na da lahani a ƙwaƙwalwa da farfaɗiya, ɗaya kuma tun haihuwa hankalinta bai cika ba. Da aka gwada jinin biyu daga cikinsu, sai aka ga ba su da dangantaka da iyalan da suka ɗauke su. Marasa lafiya ne da ke yawo a titi, suka haɗu da masu makoki da zuciyarsu ba ta haƙura ba.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. A kowace kasuwa tamu akwai irin waɗannan bayin Allah, a bakin Gadar Kennedy ma ba a rasa su. Da ana ce musu mahaukata ko masu iska, yanzu yara sun samu sabon suna, kuma sunan ya zo da abin da fim ya koya musu a yi wa mai shi, wato jifa da gudu. Haka ake kiran samarin da tramol ko sholisho ya cinye. A Saliyo, inda ƙwayar kush ta sa shugaban ƙasa ya ayyana dokar ta-ɓaci a watan Afrilun 2024, jaridun duniya sun yi ta kiranta ƙwayar zombi, kuma da zarar an sa wa yaro wannan suna an gama cire shi daga sahun waɗanda ake nema wa magani. Alhali ciwon taɓin hankali da farfaɗiya ana shan magani a samu sauƙi, akwai sashen da ke kula da su a babban asibitin ƙasa na Yamai. Ga mutanenmu na karkara kuma, tunda mu ba ma jinkirta jana'iza, in mutum ya faɗi farat ɗaya, ko ya sha wani abu, ko maciji ya sare shi, a nemi ma'aikacin lafiya ya duba kafin a ce ya cika. Doguwar suma gaskiya ce, kuma ita ce tushen yawancin labaran wane ya tashi ana cikin yi masa wanka.

Ƴan Afirka ma sun karɓi kalmar sun yi nasu aikin da ita, kuma abin sha'awa, kusan kullum sukan mayar da ita ga ma'anarta ta asali. Fela Kuti ya saki waƙarsa Zombie a 1976, yana kwatanta sojan da ke bin oda ba tunani. Sojojin Najeriya sun ji saƙon sarai: a watan Fabrairun 1977 kimanin dubu ɗaya suka afka wa gidansa na Kalakuta a Legas suka ƙone shi, suka jefo mahaifiyarsa Funmilayo Ransome-Kuti ta taga, ta rasu a shekarar da ta biyo. A 2014 C.J. Obasi ya yi Ojuju, inda cutar ta ɓulla a wata unguwar talakawa ta Legas ta hanyar gurɓataccen ruwan sha, abin da duk wanda ya ga ambaliyar 2020 a Kirkissoye da Lamorde zai fahimta ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Wanda muke so ƴan'uwa na ƙetare su nema su kalla shi ne Atlantique na Mati Diop, ƴar asalin Senegal, wanda ya ci babbar kyautar alƙalai a bikin finafinai na Cannes a 2019, da harshen Wolof aka yi shi. Wasu samari leburori ne ke gina wani dogon bene a Dakar, aka hana su albashin watanni, suka shiga kwalekwale za su Sifen, teku ta cinye su. Sai suka dawo da dare a jikin ƴan matan da suka bari, idanu fari fat, ƙafa ba takalmi, suka ratsa gari suka shiga falon mai ginin suka zauna a kujerunsa. Ba su ciji kowa ba. Kuɗin aikinsu suka ce a ba su, da ya kawo kuma suka kai shi maƙabarta suka sa shi ya haƙa musu kaburbura da hannunsa, tunda gawarwakinsu na ƙarƙashin teku.